Gwiwar Dattijo da Tsayuwarsa: Abin da Hannun Likitan Gashi Zai Iya Yi

Jawabin da wani likitan gashin ƙashi ya gabatar wa malaman makaranta na Anka da Gummi da Bukkuyum, da iyalansu



Duk wanda ya iya karatu a cikinmu, a gaban wani malami ya koya, kuma malamin nan a tsaye ya koyar da shi. Shekara talatin ko fiye a gaban allo, ga tafiyar ƙasa zuwa makarantun ƙauye, ga gona da damina, duk gwiwa ce ke ɗauke da wannan kaya ba tare da an tambaye ta ba. A shekarar 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 na aiki. Ke nan maganar gwiwar dattijo ta shigo har cikin aji, ta wuce zancen 'yan fansho kaɗai. Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne aikin da muke yi wa gwiwa da hannu, da yadda yake taimakon tsoho ya tsaya daram a kan ƙafafunsa. Zan faɗi amfaninsa, in faɗi iyakarsa, sannan in bar muku abin da za ku iya yi a gida.

Nauyin faɗuwa

Mu a nan, idan tsoho ya faɗi, sai a ce tsautsayi ne, a yi masa sannu, a shafa man zafi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna abin ya fi haka girma. A kowace shekara kimanin mutum 684,000 ke mutuwa sanadiyyar faɗuwa a duniya, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. In aka cire haɗarin mota, babu wani haɗari da ya kai faɗuwa kisa. Rahoton da hukumar ta fitar a 2007 ya ce tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, wato kusan mutum ɗaya cikin uku.

Mutuwa nan take ba ita ce aka fi gani ba. Abin da aka fi gani shi ne karayar ƙashin ƙugu ko na wuyan hannu, daga nan sai kwanciya. Tsohon da ya yi wata biyu a kwance, tsokarsa takan zube, gyambo ya fito masa a baya, ƙirji ya kama shi. Wanda bai karye ba kuma yakan tashi da tsoro. Sai ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama a majalisa, ya rage fita masallaci. Zaman nan shi ke ƙara raunana ƙafa, raunin ƙafa kuma shi ke kawo faɗuwa ta biyu. A yankinmu akwai ƙarin nauyi da kowa ya sani. Halin tsaro ya sa tafiya daga Gummi ta Daki Takwas da Anka zuwa Gusau sai an yi shawara, kuma dattawa da yawa sun baro ƙauyukansu suna zaune a gidajen da ƙafarsu ba ta saba da su ba. Inda asibiti ya yi nisa, rigakafi ya fi magani sau biyu.

Ina ruwan gwiwa da tangaɗi?

Abu uku ke tsayar da mutum. Akwai ido, mai gaya masa inda ƙasa take. Akwai wani sashe can cikin kunne, mai gaya masa ko kansa ya karkata. Akwai kuma 'yan ƙananan jijiyoyin ji da ke cikin gaɓɓai da tsoka da tafin ƙafa, masu aika wa ƙwaƙwalwa labarin inda kowace gaɓa take. Ku gwada: rufe ido, lanƙwasa gwiwa kaɗan. Kun san ta lanƙwasu ba tare da kun duba ba. Waɗannan jijiyoyi ne suka ba ku labari. Ƙwaƙwalwa tana haɗa labaran uku, ta umurci tsoka ta gyara tsayuwa kafin mutum ya ankara.

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ga ƙoƙon gwiwa a gaba yana zamewa sama da ƙasa. Bakin kowane ƙashi an shafe shi da guringuntsi mai santsi, akwai kuma ruwa mai yauƙi da ke yi wa gaɓar aikin da mai ke yi wa keken ɗinki. Da yau da gobe, ko bayan tsohon rauni, ko saboda nauyin jiki, guringuntsin yakan lalace, bakin ƙashi ya yi kaushi, jakar da ta lulluɓe gaɓar ta ɗaure. Shi ne amosanin gaɓɓai, wanda mutanenmu kan haɗa da sauran ciwon gaɓɓai su kira sanyin ƙashi. A ƙididdigar 2019 mutum miliyan 528 ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Iyayenmu mata da ke bayan labule, su abin ya fi shafa, su ne kuma ba a cika kai wa asibiti ba.

Idan gwiwa ta kamu, abubuwa kan lalace bi da bi. Ciwo da kumburi suna sa babbar tsokar gaban cinya ta ƙi aiki da ƙarfinta, alhali ita ce ke riƙe gwiwa kada ta durƙushe. Labarin da jijiyoyin ji ke aikawa yakan rage inganci, kamar wasiƙar da ruwa ya taɓa. Gwiwar takan ƙi miƙewa sosai, sai mutum ya riƙa tafiya a ɗan duƙe, taku gajere, yana jan ƙafa. Ranar da ɗan yatsansa ya ci karo da dokin ƙofa, ƙafar da ya kamata ta yi wuf ta tare shi sai ta makara.

Aikin hannu

Sunan da aka ba sana'armu a Hausa, gashin ƙashi, ya sa wasu na zaton fitila mai zafi kawai muke haska wa mutane. Zafi ɗan ƙaramin sashe ne na aikin. Sana'ar ta shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta a 1966, yanzu kuma ana koyar da ita a Jami'ar Bayero ta Kano da wasu jami'o'in Arewa. Hukumar da ke yi wa masu ita rajista an kafa ta a 1988, kuma duk wanda zai taɓa gwiwar mahaifinka da sunan likitan gashi, kana da haƙƙin ka tambaye shi lasisinsa.

Kafin a taɓa gwiwa, sai an yi tambaya an duba. Yaushe ciwon ya fara? Me ke tayar da shi? An taɓa faɗuwa a bana? Wane magani ake sha? Sai a auna iyakar lanƙwasuwa da miƙewar gaɓar, a gwada ƙarfin cinya, a kalli tafiya. Daga nan majiyyaci ya kwanta ya saki jiki. Likita ya riƙe ƙashin cinya da hannu ɗaya, ya riƙa tura ƙashin ƙwauri gaba ko baya da ɗayan, a hankali, turawa da saki, turawa da saki, na rabin minti ko minti ɗaya, a huta, a sake. Yakan ja ƙwaurin kaɗan don a sami sarari a gaɓar. Yakan kama ƙoƙon gwiwa da yatsu ya zamar da shi sama da ƙasa da gefe, domin ƙoƙon da ya liƙe yana hana gwiwa lanƙwasuwa. Yakan miƙar da tsokar bayan cinya da ta sha-raɓa in sun ɗaure, ya kuma duba ƙugu da idon sawu, tun da gwiwa tsakaninsu take.

Wannan aiki yana da ma'auni. Wani likitan gashi ɗan ƙasar Ostareliya, Geoffrey Maitland, ya kasa shi mataki huɗu. Na ɗaya da na biyu motsi ne mai sauƙi da ba ya kaiwa inda gaɓar ta cije, ana yin su don kwantar da ciwo. Na uku da na huɗu suna kaiwa har inda ta cije, ana yin su don sassauta ɗaurewa. Wani kuma ɗan Niyu Zilan, Brian Mulligan, ya fito da hanyar da likita ke riƙe gaɓar a wani saiti yayin da majiyyacin da kansa ke lanƙwasawa ko tashi tsaye, da sharaɗin kada ya ji zafi. A duka hanyoyin babu murɗiya, babu fizga. In ana yi maka aikin kana cije leɓe, a tsaya.

Me yake haifarwa? Motsin yana rage ciwo, yana sassauta jakar gaɓa, yana kuma tayar da jijiyoyin jin nan da muka ambata. Sau da yawa mutum kan sauko daga gadon ya ji ƙafar ta yi masa sauƙi. Amma ku riƙe wannan da kyau: hannu ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi, kuma sauƙin da yake kawowa, in an bar shi shi kaɗai, ba ya daɗewa. Amfaninsa shi ne ya buɗe wa mutum ƙofar motsa jiki, ya sami damar ƙarfafa cinyar da dā ciwo ya hana shi taɓawa.

Bincike ya tabbatar da wannan haɗi. A shekarar 2000 Gail Deyle da abokan aikinsa a wani asibitin soja na jihar Tekzas ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 83 masu amosanin gwiwa. An yi wa kashi ɗaya aikin hannu haɗe da motsa jiki, sau biyu a mako har mako huɗu, ɗaya kashin kuma aka yi musu aikin da ba ya da tasiri, don kwatance. Na farkon suka fi samun sauƙin ciwo da nisan tafiya. Bayan shekara, kashi 5 cikin ɗari nasu ne aka yi wa tiyatar sauya gwiwa, alhali a ɗaya kashin an yi wa kashi 20. A 2020 suka sake gwaji da mutum 156, suka kwatanta wannan aiki da allurar da ake yi a cikin gwiwa don kashe kumburi. Bayan shekara, waɗanda aka yi wa gashi suka fi lafiya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma, a ƙa'idarta ta 2022, ta ce kada a yi aikin hannu ga mai amosanin gwiwa sai tare da motsa jiki.

Game da hana faɗuwa kanta, hujja mafi ƙarfi tana wajen motsa jiki. A 2019 aka tattara gwaje-gwaje 108 da suka ƙunshi dattawa fiye da 23,000, aka ga motsa jiki na rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin ɗari, musamman irin wanda ke horar da tsayuwa. Shirin Otago na ƙasar Niyu Zilan, wanda tsoho ke yi a ɗakinsa bayan an koya masa, ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari. Hannun likita yana share fage ne kawai, noman kuwa na mai gwiwa ne.

Inda ba a taɓawa

Muna da maɗora da wanzamai da masu tausa, kuma su ne mafi kusa da jama'a. Ba na zo in ci mutuncin kowa ba ne. Amma akwai gwiwar da kowane hannu, har nawa, haramun ne a kanta sai likita ya gani. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, kuma kwana kaɗan sun isa ta lalace. Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafar, hoto yake buƙata. Wanda sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, tausa kuwa na iya tura gudan zuwa huhu. Haka mai ciwon da ke hana barci kullum yana ramewa, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda aka ce ƙashinsa ya yi rauni. Kada kuma a tsaga gwiwa ko a yi mata ƙaho, balle ga mai ciwon suga, wanda ƙaramin rauni kan zame masa gyambo.

Sai maganin kasuwa. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, in tsoho ya mayar da su abincin kullum, suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. Irin su dexamethasone da ake cusawa cikin haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda suna kashe ciwo yau, gobe su raunana ƙashi da tsoka. A sani kuma ba kowane tangaɗi ne daga gwiwa ba. Yanar ido, jiri idan an miƙe tsaye, mutuwar tafin ƙafa ga mai suga, maganin barci, duk suna kayar da mutum, kowanne da nasa magani.

Abin yi a gida

Ku malamai ne, kun san jarrabawa, to ga wata. Samo kujera mai ƙarfi, a auna mita 3 daga gabanta a ja layi. Dattijo ya zauna, in an ce ya tashi sai ya miƙe, ya taka zuwa layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo ya zauna, wani na tafe kusa da shi. A duba agogon waya. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, ya kamata a kai shi a duba.

Ga motsi biyar da ba sa buƙatar ko sisi. Na ɗaya, tashi da zama daga kujerar da aka jingina da bango, sau goma, a hankali, da taimakon hannu da farko, daga baya babu. Na biyu, a zauna a tabarma a miƙe ƙafa, a naɗe zane a ƙarƙashin gwiwa, a danna shi har diddige ya ɗaga, a ƙirga biyar, a saki. Na uku, a dafa bango a ɗaga diddige a tsaya a kan yatsu, a sauko. Na huɗu, a dafa bango a sa diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, a tsaya daƙiƙa goma, a sauya. Na biyar, a dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya gwargwadon iko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi irin wannan aƙalla kwana uku a mako. Ɗan ciwon da ya lafa kafin gobe ba laifi ba ne. In ya kwana biyu ko gwiwa ta kumbura, a rage. Kada a sa ran ganin canji kafin mako shida zuwa takwas, kuma ranar da aka daina, ƙarfin zai fara komawa inda ya fito. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai ƙiba ya sani cewa kowane kilo ɗaya da ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda kuma ba abin kunya ba ce. A riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, wato in gwiwar dama ke ciwo sanda na hagu, tsawonta ya kai wuyan hannu in an tsaya an saki hannu, a sa mata roba a gindi. Wanda durƙuso da sujada ke gagara, malamanmu sun yi bayanin sauƙin da aka yi masa na yin salla a zaune, ya tambaye su.

Sai ku zagaya gidan da idon mai binciken makaranta. Makewayi ya fi ko'ina kayar da tsofaffi: a kafa ƙarfe ko icce mai ƙwari da za a kama wajen tsugunno da tashi, in da hali a samo kujera mai rami. A kankare gansakuka a bakin rijiya da wurin alwala da damina. A kawar da igiya da turke daga hanya, a gyara bakin tabarmar da ya naɗe, a jefar da silifas ɗin da gindinsa ya siɗe. A ajiye tocila a gefen shimfiɗa saboda fitar dare da ta asuba. In za a ɗauki tsoho a kabu-kabu, wani ya riƙe shi wajen hawa da sauka.

Abin da reshe zai iya yi

Likitocin gashi sun fi yawa a manyan asibitoci, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Matakin farko shi ne babban asibitin da ya fi kusa da ku, a duba a ba da takardar turawa in akwai buƙata. Wanda ya samu zuwa, kada ya dawo da sauƙin rana ɗaya kawai. Ya tafi da ɗa ko jika mai karatu, a koya musu motsin, a rubuta musu, domin zuwa biyu ko uku da aka dawo da darasi sun fi zuwa goma da aka dawo hannu sake.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Reshe yana da sunayen malamansa da suka yi ritaya. Ana iya raba su unguwa-unguwa, a yi wa kowa jarrabawar kujerar nan sau biyu a shekara, a rubuta sakamako kamar yadda kuke rubuta na ɗalibai. Waɗanda suka haura daƙiƙa 12 a haɗa su a mota ɗaya, ko a gayyato likitan gashi mai lasisi ya zo ya gan su rana guda, ya koya wa malaman motsa jiki na makarantunku yadda za su ci gaba da bibiya. A tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA, abin da tsarinta ya ƙunsa game da gashi. Malamai mata kuma su ɗauki nauyin shiga gidaje, domin su ne za su isa ga iyayenmu mata.

Ina roƙon kowane ɗayanku, kafin mako ya zagayo, ya auna mita ukun nan a tsakar gidansu, ya gwada mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko malamin da ya koya masa baƙi da wasali. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da ƙafafunmu.